Izinin fayil, simlink da kalmomin umarni a Cygwin, Git Bash da WSL: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na masu aiki da umarnin Linux ne a kan Windows, ko ta Cygwin, ko MSYS2 da Git Bash, ko WSL (Windows Subsystem for Linux), da ɗan abin da ya shafi masu kunna manhajojin Windows a Linux ta Wine. Dukkansu manhajojin tsakani ne. Aikinsu irin na tafinta ne tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna: inda akwai kalmar da ta dace sai ya faɗe ta, inda babu sai ya kamanta, wani wurin ma ya yi shiru. Yawancin matsalolin da ke ƙasa daga wurin kamantawar nan suke tasowa. Don haka kafin ka taɓa komai, ka san wane ɓangare ne ya ƙirƙiri fayil ɗin, a kan wane irin faifai yake zaune, kuma wane ɓangare ne ke neman karanta shi.

Ashe ba duk abu ɗaya ba ne? Baƙin allo ne dai da Bash, manhajar karɓar umarni, a ciki.

A ido ne kawai suka yi kama. Cygwin ya samo asali tun 1995 a kamfanin Cygnus Solutions, wanda Red Hat ya saye daga baya. Ƙashin bayansa fayil ɗaya ne, `cygwin1.dll`, mai karɓar buƙatun manhaja irin na Unix ya mai da su na Windows. MSYS2 reshe ne da aka yanko daga Cygwin, shi kuma Git Bash a kan MSYS2 aka gina shi. WSL na farko ya fito a 2016, yana fassara buƙatun Linux kai tsaye, na biyu kuma da ya zo a 2020 ainihin Linux ne ke gudana a cikin wata 'yar kwamfutar gaibu.

Idan ba ka tabbatar da inda kake ba, buga `uname -s`. Amsar za ta fara da `CYGWIN_NT`, ko `MINGW64_NT`, ko `MSYS_NT`, ko ta ce `Linux`. Faifan C ma sunansa daban a kowanne: `/cygdrive/c` a Cygwin, `/c` a Git Bash, `/mnt/c` a WSL. Maganin da ya yi wa wani aiki a ɗaya sau da yawa ba ya yin komai a ɗayan, kuma a nan mutane suka fi ɓata lokaci.

Na buga `chmod 600` ko `chmod +x` a Git Bash, bai yi ƙorafi ba, amma `ls -l` bai nuna wani canji ba. Me ya faru?

Unix na riƙe izini da 'yan alamomi tara: karatu, rubutu da gudanarwa, ga mai fayil, ga rukuninsa, da ga sauran jama'a. NTFS, tsarin faifan Windows, ba haka yake yi ba. Kowane fayil na ɗauke da jerin sunaye, wane an ba shi kaza, wane an hana shi kaza, kuma yawancin jerin gado ne daga foldar da ke sama. Wannan jeri shi ne ACL.

Cygwin, a yadda yake zuwa, yana fassara `chmod` zuwa ACL na gaske. MSYS2 da Git Bash kuwa suna haɗa faifai da zaɓin `noacl`, kana iya ganinsa da idonka a `/etc/fstab` ko ta buga `mount`. Da wannan zaɓi, izinin da `ls -l` ke nuna maka ƙiyasi ne kawai. Alamar rubutu tana bin tambarin "karatu kaɗai" na zamanin DOS. Alamar gudanarwa kuwa ana ba da ita ga fayil mai ƙarewa da `.exe` ko `.com`, ko wanda haruffansa biyu na farko `#!` ne ko `MZ`. Wato idan kana son sikirif ɗinka (fayil mai jerin umarni) ya sami `x`, alamar gudanarwa, a Git Bash, saka masa `#!/bin/bash` a layin farko, zai samu ba tare da `chmod` ba.

Haka abin yake, ko a Cygwin, idan fayil ɗin na kan filash mai tsarin FAT32 ko exFAT. Waɗannan ba su da wurin ajiye ACL sam, babu umarnin da zai ƙirƙiro shi.

Wasu na cire `noacl` daga `/etc/fstab` na Git Bash. Ban ba da wannan shawara ba sai da dalili mai ƙarfi, domin daga nan kowane fayil da ka ƙirƙira zai riƙa ɗaukar ACL irin na Cygwin, da rikicin da za a ambata a ƙasa.

A WSL kowane fayil da ke `/mnt/c` yana nuna `rwxrwxrwx`.

Haka yake zuwa. Idan kana son `chmod` da `chown` su zauna a kan fayilolin Windows, buɗe `/etc/wsl.conf` ka rubuta:

```
[automount]
options = "metadata,umask=22,fmask=11"
```

Sannan daga PowerShell ka buga `wsl --shutdown`, ka sake buɗewa. Zaɓin `metadata` ya shigo ne da Windows 10 sigar 1803. Yana sa WSL ya ajiye izinin Linux a gefen fayil ɗin a kan NTFS. Ka lura da cewa Windows ba ta kallon wannan bayani. Fayil ɗin da ka yi wa `chmod 600` a WSL, Notepad zai buɗe shi lafiya lau idan ACL ya yarda.

Ra'ayina dai, aikin da Linux zai riƙa taɓawa kullum a ajiye shi a `/home` na cikin WSL. Izini da simlink (ɗan fayil mai nuni zuwa wani wuri) suna aiki yadda ya kamata a can, kuma a WSL 2 shiga `/mnt/c` yana da nauyi ƙwarai, duk wanda ya taɓa gudanar da `npm install` a wurin ya san jiran da ake yi. Idan kana buƙatar fayilolin daga Windows, rubuta `\\wsl$` a Explorer.

`ssh` ya ƙi makullina, yana cewa `UNPROTECTED PRIVATE KEY FILE` da `Permissions 0777 ... are too open`.

Tambayar farko: wane `ssh` ne? Buga `type ssh` ka gani. Idan na WSL ne kuma makullin na `/mnt/c/Users/...`, kwafe shi zuwa `~/.ssh` ka yi masa `chmod 600`, foldar kuma `chmod 700`. Kwafi nake nufi, kada ka yi simlink, domin `ssh` zai bi shi ya tarar da 777 ɗin nan dai.

Idan kuwa `ssh.exe` na Windows ne, wanda ke `C:\Windows\System32\OpenSSH`, ACL yake dubawa, `chmod` ba ruwansa. Daga cmd, tagar umarni ta Windows:

```
icacls id_ed25519 /inheritance:r /grant:r "%USERNAME%:R"
```

Wannan ya yanke gadon izini daga foldar sama ya bar kai kaɗai da karatu.

Har da `sudo` na gwada a WSL, har yanzu `Permission denied`.

Sarautar `root`, babban mai iko na Linux wanda `sudo` ke ara maka ikonsa, a cikin WSL take ƙarewa. A wurin Windows, duk abin da WSL ya nema a `/mnt/c` da sunanka ya nema, kai da ka buɗe tagar. Abin da ba ka da ikon taɓawa a `C:\Windows` ko `C:\Program Files`, `sudo` ba zai ba ka ba. Wani dalilin kuma shi ne fayil ɗin na buɗe a hannun wata manhajar Windows. Linux na barin a goge ko a sauya wa fayil suna yana buɗe, Windows kuwa yawanci ba ta bari. Rufe editan, ko ka ɗan jira manhajar kashe ƙwayar cuta ta gama dubawa.

Git na nuna fayiloli da yawa sun canza alhali ban taɓa su ba: `old mode 100755`, `new mode 100644`.

Git na ajiye alamar gudanarwa a cikin ma'ajiya, faifanka kuma ya kasa riƙe ta. An fi gamuwa da wannan idan an buɗe ma'ajiya ɗaya ta ɓangarori biyu, yau daga WSL gobe daga Git Bash. Buga `git config core.fileMode false` a cikin ma'ajiyar, hayaniyar za ta lafa.

Amma bayan haka `chmod +x` ba zai ƙara kai wa Git labari ba. Idan ka rubuta sabon sikirif a Windows wanda sabar Linux za ta gudanar, sai ka faɗa masa da kanka: `git update-index --chmod=+x girka.sh`. Ka tabbatar da `git ls-files -s girka.sh`, ya nuna 100755. Wanda ya manta wannan, sai aikin ya isa saba sannan zai ga `Permission denied`.

Explorer ya ce izinin foldata ba sa kan tsari, yana neman in bari ya sake jera su.

Idan Cygwin ne ya ƙirƙiri foldar, kada ka amince. Windows ta fi son duk layukan hani su zo kafin layukan bayarwa. Akwai izinin Unix da ba a iya bayyanawa da wannan jeri, misali a hana rukuni abin da aka bai wa sauran jama'a, shi ya sa Cygwin ke cakuɗa su da gangan, har yana ƙara wani layi mai suna `NULL SID` don ajiye nasa bayanin. Windows na aiki da jerin yadda yake ba matsala, tagar gyaran izinin ce kawai ba ta son sa. In ka bari ta gyara, ma'anar izinin na iya sauyawa.

Idan foldar ta riga ta rikice kuma kana son ta koma bin gadon Windows, `icacls folda /reset /T` daga cmd zai yi. Ka duba da `getfacl` kafin da bayan.

`ln -s` a Git Bash ya yi min kwafi maimakon simlink.

Simlink ɗan fayil ne da ba ya ɗauke da komai sai nuni zuwa wani wuri. A MSYS2 da Git Bash, idan ba ka ce komai ba, `ln -s` kwafe abin yake yi gaba ɗaya. Haɗarin a ɓoye yake: ka gyara asali kana zaton ɗayan ya bi, alhali yana nan da tsohon abu. Idan folda ce babba kuma, faifanka ne ke cika.

NTFS na da simlink na gaske tun zamanin Windows Vista, sai dai ƙirƙirarsa na buƙatar izini na musamman, `SeCreateSymbolicLinkPrivilege`, wanda admin kaɗai ke da shi a al'ada. Tun sigar 1703 ta Windows 10, a 2017, kunna Developer Mode na ɗauke wannan sharaɗi. Bayan ka kunna, saka wannan a `~/.bashrc`:

```
export MSYS=winsymlinks:nativestrict
```

A Cygwin sunan `CYGWIN` ne a madadin `MSYS`. Akwai `native` akwai `nativestrict`, kuma na biyun na fi so. Na farko idan ya kasa sai ya koma wata dabara shiru, na biyu kuwa zai tsaya ya gaya maka ya kasa.

Simlink ɗin Windows ya bambanta da na Unix ta wata fuska: tun ranar ƙirƙira sai an faɗi ko na fayil ne ko na folda. Saboda haka abin da ake nunawa ya kamata ya riga ya wanzu, in ba haka ba `nativestrict` zai ƙi. Wannan kan ɓata buɗe kunshin `tar` wanda simlink ya zo a cikinsa kafin asalinsa. Sake buɗewa karo na biyu kan warware shi.

Idan da `mklink` za ka yi, ka tuna jerinsa kishiyar na `ln -s` ne: sunan mahaɗin ne farko, sannan asali. `/D` na folda ne. `/J` kuma yana yin wani nau'in mahaɗin folda da ba ya buƙatar ikon admin, amma bai nuna fayil ɗaya ko foldar da ke wata kwamfuta a kan netwok.

Simlink ɗina ya zama ɗan fayil mai layi ɗaya.

Buɗe shi ka karanta. Idan hanyar fayil ce kawai a ciki, kamar `../lib/asali.so`, aikin Git ne: `core.symlinks` na kan `false`, sai ya rubuta nunin a matsayin rubutu. A cikin ma'ajiya har yanzu simlink ne, `git ls-files -s` zai nuna 120000. Kunna Developer Mode, ka buga `git config core.symlinks true`, ka goge ɗan fayil ɗin, sannan `git checkout -- sunansa`. Ga sabuwar ma'ajiya, `git clone -c core.symlinks=true`.

Idan kuma ya fara da `!<symlink>`, tsohon salon Cygwin ne. Cygwin na gane shi ne ta tambarin System da ke jikinsa, kuma wannan tambari kan faɗi idan an kwafe fayil ɗin ta zip ko wata manhajar ajiya. `attrib +s sunansa` zai dawo da shi. Manhajojin Windows ba sa bin irin wannan ko da tambarin na nan.

Yaya zan goge simlink na folda ba tare da na taɓa asalin ba?

A nan a yi hattara sosai, ana asarar aiki. A Bash, `rm suna`, ba `/` a ƙarshe, ba `-r`. Maɓallin Tab kan ƙara `/` da kansa, kuma `rm -rf suna/` na iya shiga cikin asalin ya share abin da ke ciki. A cmd, `rmdir suna`. Kada ka yi `del suna`, domin fayilolin cikin asalin zai nufa.

Na buga `taskkill /F /IM notepad.exe` a Git Bash, ya ce bai san `F:/` ba. Ni ban rubuta haka ba.

Ba kai ka rubuta ba, MSYS2 ne. Duk lokacin da Bash ɗinsa zai kira manhajar Windows ta asali, yana duba kalmomin da ka miƙa mata, wadda ta yi kama da hanyar fayil ta Unix sai ya mai da ita ta Windows. Niyyar mai kyau ce, ita ta sa `notepad /c/aiki/wasika.txt` ke aiki. Amma bai san bambancin hanya da zaɓi ba. `/F` ya zama `F:/`, `/IM` ya zama `C:/Program Files/Git/IM`.

Abin na fitowa ta fuskoki da dama. Mai haɗa takardar shaida da `openssl req -subj "/C=NG/ST=Kano/CN=gwaji"` zai ga an manna masa `C:/Program Files/Git/` a gaba. Alamar zance ba ta hana wannan, domin Bash ya riga ya cire ta kafin a zo wurin juyawa. Mai amfani da `docker run -v /c/aiki:/app` kuma, ɗigo biyun tsakiya kan sa a ɗauki abin a matsayin jerin hanyoyi irin na `PATH`, a mai da shi `;`. Idan ka taɓa ganin wata baƙuwar folda mai ƙarewa da `;C` ta bayyana a aikinka, daga nan ta fito.

Ga ƙaramin zaɓi, ninka alamar: `taskkill //F //IM notepad.exe`, ko `cmd //c dir`. Ga umarni mai tsawo, kashe juyawar a wannan layin kaɗai:

```
MSYS_NO_PATHCONV=1 openssl req -subj "/C=NG/ST=Kano/CN=gwaji" ...
```

`MSYS_NO_PATHCONV` na Git Bash ne. A MSYS2 zalla, `MSYS2_ARG_CONV_EXCL="*"` ake sawa, ko a lissafa farkon kalmomin da za a ƙyale. Kada ka saka ɗayansu a `.bashrc` dindindin, wasu sikirif sun dogara da juyawar.

Cygwin da WSL ba sa wannan juyi ko kaɗan, matsalarsu kishiya ce: manhajar Windows za ta karɓi `/cygdrive/c/aiki` ta rasa inda za ta. Sai ka juya da kanka, `notepad "$(cygpath -w "$f")"`, a WSL kuma `wslpath -w`.

Ta yaya zan ga ainihin abin da ya isa ga manhajar?

Idan kana da Python na Windows, sa shi ya maimaita maka:

```
python -c "import sys; print(sys.argv)" /F "/C=NG"
```

Abin da ya fito shi ne gaskiya. Wannan ɗan gwaji ya fi awa guda na zato.

Me ya sa alamar zance ke rikicewa, musamman a hanya mai sarari kamar `Program Files`?

A Unix, manhaja na karɓar kalmominta a rarrabe, kowace a gurbinta. A Windows, `CreateProcess` layi ɗaya dogo yake miƙawa, wanda bai wuce haruffa 32,767 ba, manhajar ce za ta yanyanka shi da kanta. Ta cmd ma iyakar 8,191 ce. Don haka manhajar tsakani sai ta ɗinke kalmominka su zama layi ɗaya, tana fatan ɗaya ɓangaren zai warware su yadda ta ɗinka. Yawanci suna bin ƙa'idar Microsoft C, amma cmd da fayilolin `.bat` nasu tsarin daban ne, `^` da `%` da `&` duk suna da ma'ana a wurinsu.

A ƙa'idar Microsoft C, `\` harafi ne kamar kowane, sai fa idan alamar zance ta biyo shi. Shi ya sa `"C:\Program Files\"` ke ɓaci: `\"` na ƙarshe an ɗauke shi alamar zance ta cikin rubutu, zancen bai rufe ba, sai ya haɗiye duk kalmomin da ke binsa. Cire `\` na ƙarshe ko ka ninka shi. A cikin Bash kuma `cd C:\aiki\sabo` zai zama `C:aikisabo`, rubuta `C:/aiki/sabo` ka huta.

Idan kana rubuta sikirif mai miƙa kalmomi ga wata manhaja, `"$@"` za ka sa, da alamar zancensa. `$*` zai raba `Program Files` gida biyu.

Fayilolina masu sunan Hausa suna ba ni wahala.

Abu biyu ne a nan. Na farko alhamza. A wurin Bash, alamar da ke cikin `ma'aikata.txt` ko `'yan_makaranta.csv` buɗe zance ce, sai ka ga ya tsaya da `>` yana jiran ka rufe. Kewaye sunan da alamar zance mai biyu, `"ma'aikata.txt"`. `xargs` ma zai ce `unmatched single quote`, maganinsa `find . -name "*.txt" -print0 | xargs -0 ...`. Sikirif ɗin da aka gwada da sunayen Turanci kaɗai yakan faɗi a nan, don haka idan kai ne marubucin, saka fayil ɗaya mai alhamza da ɗaya mai sarari a cikin gwajinka.

Na biyu haruffa masu lanƙwasa. NTFS na ajiye ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba matsala. Idan `git status` ya nuna `"\306\231asa.txt"` a madadin `ƙasa.txt`, sunan bai lalace ba, Git ne ke nuna shi da lambobi, `git config --global core.quotepath false` zai daidaita. Matsalar gaske tana wurin tsofaffin manhajojin Windows masu karɓar kalmomi ta tsohon tsarin haruffa na 1252, wanda babu waɗannan haruffa a cikinsa. Sunan kan isa gare su da alamar tambaya ko wani harafi a gurbin ƙ, sai su ce babu fayil ɗin. Idan manhajar na karɓar bayani ta `<`, bar Bash ya buɗe fayil ɗin ya zuba mata: `tsohuwa.exe < ƙasa.txt`. In ba ta karɓa, yi mata kwafi na wucin gadi mai suna mara lanƙwasa, ka bar asalin da sunansa daidai.

Sikirif na da `x`, amma ana ce min `bad interpreter` da `^M`.

Ba izini ba ne. Ƙarshen layi irin na Windows ne ya shiga fayil ɗin. `dos2unix girka.sh` zai gyara na yanzu, layin `*.sh text eol=lf` a `.gitattributes` kuma zai hana shi dawowa ga kowa da ke aiki a ma'ajiyar.

Ni a Linux nake da Wine, yana cewa `.wine` ba tawa ba ce.

An taɓa kunna shi da `sudo`, sai `root` ya mallaki foldar. `sudo chown -R "$USER": ~/.wine` zai dawo maka da ita, kuma kada a sake haɗa Wine da `sudo`. Faifan da manhajar Windows ke gani a Wine simlink ne a cikin `~/.wine/dosdevices`: `c:` na nuna `drive_c`, `z:` kuma na nuna `/`, wato manhajar na iya kaiwa duk inda kai kake iya kaiwa a kwamfutarka. Idan za ka miƙa mata hanyar fayil, juya ta da `winepath -w`.